Kafin Ka Haɗa Maganin Wankin Ciki da Hannunka

Akwai wata magana da ta yaɗu a duniya har ta zama kamar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja, wato wai cikin ɗan Adam yana tara datti shekara da shekaru, dattin ya manne a bangon hanji, ya ruɓe, ya riƙa tsiyayar da guba cikin jini, kuma wai daga nan ne kasala da ciwon kai da ƙuraje da warin baki da ƙiba suke samo asali. Duk wanda ya yarda da wannan magana ba sai an roƙe shi ya wanke cikinsa ba, da kansa zai nemi hanya, kuma hanyoyin sun yi yawa a yau. Wani zai dama gishiri a ruwan ɗumi ya shanye da sassafe kafin ya ci komai, wani zai dafa ganyen filasko ko ya tatsi ɗacin alobera, wani zai sha man zurma ko gishirin Epsom, wani kuma zai ɗura wa kansa gahawa ko ruwan sabulu ta dubura saboda ya gani a wani bidiyo. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, mai lafiya ba ya buƙatar wankin ciki ko kaɗan, marar lafiya kuwa shi ne wanda haɗin gida ya fi saurin kayarwa, don haka ban ga mutumin da wannan aiki yake yi wa amfanin da ya kai haɗarinsa ba.

Ya kamata a fara da sanin abin da babban hanji yake yi, domin yawancin ruɗanin daga rashin saninsa ya taso. Tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma babban aikinsa shi ne tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abincin da ƙaramin hanji ya gama da shi. A kowace rana ruwan da ke shigowa cikinsa yakan kai lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma abin da ke fita tare da bayan gida bai cika wuce mililita 100 zuwa 200 ba, sauran duk ya mayar wa jiki. Fatar da ta shimfiɗe cikinsa tana da majina mai santsi da ke kare ta, kuma ita kanta fatar tana zubewa ta sabunta cikin ƙasa da mako guda, saboda haka babu wani bango tsayayye da datti zai manne masa har shekara goma. Likitocin da ke zura na'ura mai kyamara su duba hanji kowace rana, da masu tiyata da ke buɗe ciki, da masu binciken gawa, ba su samun wannan tsohon dattin da ake ta ba da labari. Abin da ke zaune a hanji shi ne tarin ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ke narka abin da jiki ya kasa narkawa, suna kuma hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Tace guba daga jini kuwa aikin hanta da ƙoda ne, kuma suna yinsa dare da rana ba tare da an sha musu komai ba.

Wannan tunani na guba daga hanji tsoho ne ƙwarai, kuma su kansu likitoci sun taɓa riƙe shi da hannu biyu kafin bincike ya raba su da shi. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya rubuta tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya cewa mutanen Masar sukan wanke cikinsu kwana uku a jere kowane wata, saboda sun ɗauka daga abinci cututtuka suke fitowa. A farkon ƙarni na 20, wani shahararren likitan tiyata a Landan mai suna William Arbuthnot Lane ya kai ga yanke babban hanjin mutane yana cirewa don ya raba su da wannan guba da ake zato, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin ba su tashi ba. A 1919 wani likita a Amurka, Walter Alvarez, ya kawo hujja mai sauƙin fahimta: idan da guba ce a cikin jini take kawo ciwon kai da kasalar mai taurin bayan gida, da ba za su gushe cikin 'yan mintoci bayan ya yi bahaya ba, domin jini ba ya tsarkaka da irin wannan sauri. An kuma gwada cusa auduga tsabtatacciya a duburar mutane, sai ga alamomin nan sun bayyana alhali babu wata guba, abin da ya nuna cewa cikar hanji da miƙewarsa ne ke kawo damuwar. Tun daga wancan lokaci ilimin likitanci ya ajiye wannan ra'ayi, amma masu sayar da kayan wankin ciki ba su ajiye shi ba.

Babbar hujjar da ake jan hankalin mutane da ita ita ce hotunan abin da ya fita, dogayen abubuwa masu kama da igiya ko roba, a ce ga dattin shekaru nan. Yawancin haɗe-haɗen da ke fitar da irin wannan abu suna ɗauke da garin yumɓu da ɓawon irin wani tsiro mai suna siliyam, wanda ke kumbura ya yi yauƙi idan ya sha ruwa. Idan suka haɗu a cikin hanji sai su daskare su ɗauki siffarsa, su fito kamar yadda aka gani, wato abin da mutum ya haɗiya jiya shi ne ake nuna masa yau a matsayin cutar da aka raba shi da ita. Wanda ya fi wannan muni shi ne na iyayen da aka yaudara suka riƙa ɗura wa 'ya'yansu masu lalurar galahanga wani sinadarin bilic da ake sayarwa da sunan maganin mu'ujiza, suna ganin zare-zare suna fita suna cewa tsutsotsi ne, alhali majina ce da fatar hanjin yaron da sinadarin ya ƙona. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan sinadari a 2010, ta sake yi a 2019. Nauyin da ake cewa an rage bayan wankin ciki shi ma ruwa ne da bayan gida, kuma yakan dawo cikin kwana biyu ko uku.

Ba na musun cewa mutum yakan ji jikinsa sakayau bayan cikinsa ya zube, musamman idan ya kwana biyu yana fama da kumburi. Wannan jin daɗi na gaske ne, sai dai duk wanda ya samu bayan gida cikin sauƙi yana jin irinsa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba. Wani lokaci ma abin da ake kira sakayau ɗin jiri ne na ƙarancin ruwa da saukar jini.

Haɗarin farko yana cikin awo, kuma ruwan gishiri ya isa misali. Haɗin da ya fi yawo a intanet shi ne cokalin shayi biyu na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a shanye gaba ɗaya cikin 'yan mintoci. Cokali biyun nan sun kai giram 10 zuwa 12, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini guda cur. Ruwan gishiri da suga da ake haɗa wa mai gudawa rabin cokali kawai ake sa masa a lita, wato haɗin wankin ciki ya ninka shi sau huɗu. Idan ruwan ya wuce kai tsaye, zai ja ruwan jiki ya fita da shi, mutum ya bushe. Idan kuma bai wuce ba, wanda hakan na faruwa, jiki zai tsotse gishirin duka, ya shiga jini, jini ya hau, ƙafafu su kumbura, mai raunin zuciya ya fara haki saboda ruwa ya taru masa a huhu. Sinadarin sodiyam, wanda gishiri ke ɗauke da shi, yana da iyaka ƙunƙuntacciya a jini, tsakanin 135 da 145 a ma'aunin asibiti, kuma idan ya haura da yawa cikin gaggawa ƙwaƙwalwa ce ke fara shan wahala, daga ruɗewa zuwa jijjiga zuwa suma. Wanda ya rubuta haɗin bai san ko mai karantawa yana da hawan jini ba, sau da yawa shi ma mai karantawar bai sani ba, domin hawan jini da ciwon ƙoda kan daɗe a jiki ba su nuna alama ba.

Ganyayen da ke sa gudawa, irin su filasko da ɗacin da ke ƙarƙashin ɓawon alobera, suna aiki ne ta hanyar tsokanar hanji ya riƙa murɗawa da ƙarfi yana zubar da ruwa. Gaskiya ne ana yin ƙwayar magani daga filasko, likitoci ma suna rubuta ta, amma a ƙwayar an san adadin sinadarin da ke ciki, kuma an ƙayyade kwanakin sha. Wanda ya dafa ganye a tukunya bai san ƙarfin abin da ya dafa ba, domin ya danganta da irin ganyen, da yawansa, da daɗewarsa a wuta, har kofin yau ya iya ninka na jiya. Gudawa mai yawa tana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kuma idan ya yi ƙasa sosai gaɓoɓi su saki, zuciya ta rikice, tana iya tsayawa ba tare da wani gargaɗi ba. Haɗarin ya fi tsanani ga mai shan maganin da ke sa fitsari ko wasu magungunan zuciya. Ƙarancin fotasiyam yana kuma rage motsin hanji, sai taurin bayan gida ya ƙaru, mutum ya ƙara yawan ganyen, a haka har ya kasa zagayawa sai da shi. A 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta cire alobera daga jerin magungunan sa bahaya da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, saboda ba a kawo hujjar da ta gamsar cewa ba shi da illa ba. Man zurma kuwa yana iya tayar da murɗawar mahaifa, don haka mai juna biyu ba ta da abin da za ta nema a wurinsa, haka kuma gudawa mai tsanani tana iya wanke magungunan da mutum ke sha kullum kafin jiki ya tsotse su, har da na farfaɗiya da na tazarar haihuwa.

Gishirin Epsom yana ɗauke da magnesiyam, wanda ƙoda ce kaɗai ke fitar da rararsa. Ga tsoho ko mai raunin ƙoda yakan taru a jini, ya saukar da bugun zuciya, ya raunana numfashi, kuma an rubuta mace-mace daga shansa da kuma ɗura shi, har da na yara. Abin da ya faru da wasu magungunan sa bahaya masu sinadarin fosfet ya kamata ya sa kowa ya yi tunani. Waɗannan magunguna ne na kamfani, masu awo da takardar bayani, amma duk da haka a watan Janairun 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da cewa ta tattara rahoton mutum 54 da suka shiga mummunan hali bayan amfani da su, 13 daga ciki suka mutu, akasari saboda an wuce adadin da aka ƙayyade a yini. Idan har abin da aka auna a masana'anta zai yi kisa don an ƙara kashi ɗaya a kansa, ina ga abin da aka auna da ido?

Ɗurar da ake yi ta dubura tana da nata haɗarin na daban, kuma akwai wani abu a halittar wurin da mutane da yawa ba su sani ba. Daga ɗan tazara kaɗan da bakin dubura zuwa ciki, fatar ba ta jin yanka ko ƙuna yadda fatar waje ke ji. Saboda haka mutum zai iya ƙona kansa da ruwa mai zafi, ko ya huda bangon hanji da bakin roba ko ƙarfe, bai ji wani zafin kirki nan take ba, sai bayan sa'o'i, lokacin da ƙazanta ta riga ta malala cikin kogon ciki, zazzaɓi ya rufe shi, ciki ya yi tauri. A wannan mataki sai tiyatar gaggawa, kuma wasu sukan tashi da jakar bahaya a gefen ciki ta watanni ko ta har abada. Mai basir, da wanda aka taɓa yi wa aikin hanji, da mai gyambon hanji, da tsofaffi, bangon hanjinsu ya fi saurin yagewa. Abin da ake ɗurawa shi ma yana da nasa ɓarnar. Ruwan sabulu da ruwan haidirojin da ake wanke rauni da shi suna ƙona fatar hanji har ta riƙa zubar da jini. Ɗurar gahawa, wadda wani likita Bajamushe mai suna Max Gerson ya yayata a matsayin maganin ciwon daji ba tare da an taɓa tabbatar da hakan ba, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga labarin mata biyu da suka mutu a dalilinta a 1980, bayan sinadaran jininsu sun rikice. Ko ruwa zalla, idan aka yi ta ɗura wa ƙaramin yaro, hanjinsa zai tsotse shi ya tsinke gishirin jininsa har ya kama jijjiga. Ga kuma batun tsabtar kayan aiki: tsakanin 1978 da 1980, a wani wurin wankin hanji a jihar Kolorado ta Amurka, na'ura guda ta yaɗa cutar atini ga aƙalla mutum 36, aka yanke hanjin 10, shida suka rasu.

Masu kare wannan al'ada sukan ce ai asibiti ma ana wanke ciki, to me ya sa na gida zai zama laifi. Gaskiya ne ana wankewa, kafin a duba hanji da kyamara ko kafin wasu ayyukan tiyata, amma dalilin shi ne likita ya samu ganin bangon hanji sarai, babu wanda ya ce ana fitar da guba. Ruwan da aka fi bayarwa an ƙirƙiro shi a 1980, an daidaita gishirin da ke cikinsa ta yadda zai ratsa hanji ba tare da ya ja ruwan jiki ko ya ƙara masa ba. Kafin a ba mutum ana tambayar lafiyar ƙodarsa da zuciyarsa da magungunan da yake sha, a dakatar da wasu, a sauya wa mai ciwon suga tsarin maganinsa. Duk da wannan taka-tsantsan akan samu wanda abin ya ba wuya, kuma likita yana karɓar wannan kasada ne saboda akwai riba a gaba, wato gano tsiro tun bai zama daji ba. A wankin gida an ɗauki kasadar, an bar taka-tsantsan, ribar kuma babu ita. A 2011 wasu likitoci a Jami'ar Georgetown suka bi diddigin bincike 20 da aka wallafa a kan wankin hanji, ba su samu hujjar amfani ba, amma sun samu rahotannin illa tun daga amai da murɗar ciki har zuwa lalacewar ƙoda.

Akwai kuma masu cewa abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, da masu cewa kuɗin asibiti ne ya kore su. Magana ta farko ba ta tsaya ba, domin ƙwayar zurman da ake tatsar mai daga gare ta tana ɗauke da guba mai kisa, kuma magunguna masu ƙarfi da yawa daga tsirrai aka samo su, abin da ya raba magani da guba shi ne awo. Magana ta biyu kuwa ina jin nauyinta, kuma ba zan zargi wanda rashi ya sa ya nemi mafita a ɗakin girkinsa ba. Sai dai wankin ƙoda ko tiyatar hanjin da ya huje sun fi ganin likita tsada nesa ba kusa ba, kuma talaka ne ke rasa yadda zai yi idan abin ya kai can.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinkirin da wannan al'ada ke jawowa. Mutumin da cikinsa ke ciwo, yana amai, bayan gida da tusa sun tsaya, mai yiwuwa hanjinsa ne ya toshe ko afendis ɗinsa ya kumbura, kuma ba shi abin da zai tsokani hanji a wannan hali yana iya fasa shi. Wanda kuma yanayin bahayarsa ya sauya makonni da dama, yana ganin jini, yana ramewa ba dalili, jininsa yana ƙaranci, waɗannan alamu ne da ke buƙatar a duba shi da wuri. Ciwon dajin hanji shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, ya kama kimanin mutum miliyan 1.9 a 2020, ya kashe sama da 900,000, alhali yana cikin waɗanda ake warkewa idan an gano su tun da farko. Kowane wata da aka ɓata ana wanke ciki ana jiran sauƙi, cutar ce ke amfana da shi, kuma sauƙin ɗan lokaci da gudawa ke kawowa shi ne ke sa mutum ya ɗauka ya samo bakin zaren.

Don haka nake ganin bai kamata a bar wannan magana a matsayin zaɓin mutum shi kaɗai ba. Baligi yana da ikon jikinsa, amma jariri da ake ɗura wa ruwa, da tsohon da 'ya'yansa ke dafa wa ganye don tausayi, ba su zaɓa ba. Wanda ke yaɗa haɗi ga dubban mutanen da bai taɓa gani ba, ko yake sayar da shi da alkawarin fitar da guba, ya kamata hukuma ta tambaye shi sunan gubar da hujjar fitarta, kuma kafofin da ke samun kuɗi daga tallarsa su ɗauki rabonsu na alhaki. A ƙasashe da dama ana sayar da irin waɗannan kaya da sunan ƙarin abinci, ba a neman hujjar amfaninsu kafin su shiga kasuwa, kuma wannan giɓi ne da ya kamata a toshe. Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu gyaran, domin mai fama da taurin bayan gida yakan zo da kunya, idan aka sallame shi da magana ɗaya ba a saurare shi ba, zai koma wurin wanda ya ba shi lokaci.

Shi kansa taurin bayan gida yana da magani sananne. Ba dole ba ne mutum ya zagaya kullum, daga sau uku a yini zuwa sau uku a mako duk lafiya ce matuƙar babu yunƙuri mai tsanani ko ciwo. Yawaita ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da hatsin da ba a surfe ba, tare da isasshen ruwa da motsa jiki da amsa kiran bahaya idan ya zo, suna warware matsalar mutane da yawa. Idan ba su isa ba, akwai magunguna masu laushi da likita ko masanin magunguna zai zaɓa gwargwadon shekaru da lafiyar mutum, ya kuma duba ko wani maganin da ake sha ne ya jawo taurin, kamar na ƙarin jini ko masu kashe zafi masu ƙarfi. Wanda kuwa ya riga ya sha ko ya ɗura wani haɗi, sannan ya ga jini, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko fitsarinsa ya ragu, ko zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba, ko ya fara ruɗewa, to a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya yi amfani da shi, a kuma faɗa wa likita adadin da lokacin ba tare da ɓoye komai ba, domin maganin wanda gishiri ya yi wa yawa a jini kishiyar na wanda ruwa ya tsinke wa jini ne.